Tambaya da Amsa: Hoton idon ƙuda da lens ɗin da aka juya baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a Zariya, da Canon da lens 18-55 nake neman abinci. Na ji an ce in aka juya lens baya, har idon ƙuda ana ɗauka. Na sayi zoben juya lens mai lamba 58, na ɗaura, amma dishi-dishi kawai nake gani. Ko kyamarar ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau, nesa ka tsaya. Lens ɗin da aka juya ba ya ganin komai sai abin da ke 'yan santimita kaɗan daga gilashinsa. Kuma tunda wayoyinsa ba sa taɓa na kyamara, ba sauran fokas mai sarrafa kansa. Jikinka ne fokas ɗin yanzu. Ka kafa gwiwar hannu a ƙasa, ka riƙe numfashi, ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali har idon ya fito tar, sannan ka danna.

Kada ka fara da lamba 18 a kan zum ɗin lens, girman ya fi ninki uku, ko bugun zuciyarka sai ya girgiza hoton. Fara da 55, in hannu ya faɗa ka sauko 35.

Sai maganar ƙofar haske, wato kafar cikin lens da haske ke shiga ta cikinta, inda yawancin mutane ke karaya. In ka bar ta a buɗe, wurin da zai fito sarai bai kai milimita guda ba: ido ya fito, ƙafa ta narke. Dabarar Canon ita ce ka ɗaura lens daidai, ka tsuke ƙofar zuwa f/8, ka danne ɗan maɓallin gwajin zurfi da ke gefen bakin kyamara, ka cire lens ɗin kana danne da shi. Ƙofar za ta tsaya a haka, sai ka juya lens ɗin. Duhu zai ƙaru, don haka filasha dole ce, da gudun ɗaukar hoto na 1/200 na daƙiƙa. Ni farar takarda nake ɗaurawa da kyauro a gabanta, don tsirarar filasha tana ƙona bayan ƙwaro fari fat.

Ranar da na fara dacewa, da sanyin asuba ne a lambu, wani mazari ya kwana a kan ganyen rama, raɓa ta jiƙa shi, ya kasa tashi. Da na duba hoton sai ga idonsa kamar saƙar zuma, ɗakuna dubbai a jere, da ɗigon raɓa a kai. Na daɗe a tsugune ina tasbihi. Shi ya sa nake roƙonka, kada ka kashe ƙwaro ko ka saka shi a firji don hoto. Sammako ya wadatar, sanyi ne zai riƙe maka shi.

In hunturu ya kama, ka kula da ƙura, don bayan lens a waje yake tsirara. Ka huda tsakiyar murfin baya ka rufa masa, kuma a ɗaki za ka riƙa juya lens, bakin kyamara na kallon ƙasa.