Amsa kan filin kiwon da ya daina shan ruwa

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ruwan sama yake malala a filin kiwonka na wajen Bukuru ba ya nutsewa, ciyawa kuma tana ƙarewa, alhali damina ba ta ragu ba. Na daɗe ina kiwo a wannan yanki, kuma a ganina hutu ne filin ya rasa.

Jos tana samun ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta. Idan shanu suna wuni a wuri guda kullum a lokacin da ƙasa take jiƙe, kofatonsu yana danne ta har ƙananan ramukan da tsutsar tana da gara da saiwoyi suka huda su toshe, ta koma kamar daɓe. Ciyawar da ake cinyewa duk sa'ad da ta yi toho kuwa ba ta samun ganyen da zai ciyar da saiwarta, sai saiwar ta gajarce, gamba ta ɓace, tofa ta maye gurbinta. Daga nan ruwa yana dukan ƙasa kai tsaye, samanta ya yi ɓawo, ruwan ya kwashe ƙasar da take da taki ya bar maka marmara. Abin yana damuna ƙwarai, domin ƙasarmu ta tudu ba ta da kauri, kuma haƙar kuza ta riga ta cinye mana fili mai yawa.

Ka gwada da kanka: ka yanke gindin gwangwani, ka kafa shi kusa da mashaya, ka kafa wani a gindin shinge inda dabba ba ta takawa, ka zuba musu ruwa daidai, ka ga wanda zai riga shanyewa.

Shawarata ita ce ka raba filin gida huɗu ko fiye. Garke ya yi 'yan kwanaki a kowane yanki, a fitar da shi tun ciyawa tana da saura kamar taƙi ɗaya, kada ya dawo sai ta farfaɗo, wanda da damina yakan ɗauki wata guda zuwa mako shida. Bayan ruwa mai ƙarfi a kawar da shanu daga laka da fadama. A riƙa sauya mashekari da wurin gishiri domin kashin shanu ya watsu, buzuzu ya binne shi. Ƙona fili da rani kuma a bar shi, domin busasshiyar ciyawar nan ce take tare ruwan farko na Afrilu.

Inda ya riga ya zama fako, sai an killace shi damina guda, a sassaƙe samansa da fartanya, a watsa taki da irin gamba.