Guringuntsi da Sunansa a Takardar Likita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mahauci ne a mayankar Oko-Oba da ke Agege. Ɗana yana fama da ciwon gwiwa, likita ya rubuta chondromalacia a takardarsa, ya ce guringuntsi ne ya samu matsala. Me kalmar take nufi, kuma daga ina ta samo asali?
Mai karatu daga Agege, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Guringuntsin da likita yake nufi ba baƙo ba ne a wurinka, domin shi ne farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashi a gaɓa, wanda wuƙarka take ratsawa ba tare da ka ɗauki gatari ba, masu saye a Legas kuma suke ce masa biskit bon. Shi ne ya ba kunne da hanci da maƙogwaro siffarsu.

Kalmar da ke takardar haɗi ce ta kalmomin Girkanci guda biyu. Ta farko, kondros, da can tana nufin ƙwayar hatsi ko tsaki, daga baya likitocin Girka suka riƙa kiran guringuntsi da ita; ta biyu, malakiya, ma'anarta laushi. Saboda haka abin da likita ya rubuta shi ne laushin guringuntsi, wanda ya fi samun bayan ƙoƙon gwiwa, musamman ga matasa masu gudu da buga ƙwallo.

Ma'anar nan ta ƙwaya ba ta ɓace ba. A shekarar 1898 Bajamushe Carl Benda ya ɗauke ta ya raɗa wa wasu ƙananan sassan ƙwayar halitta suna mitokondiriya, wato zare da ƙwaya, ko da yake babu ruwansu da guringuntsi. Turawan Ingila kuwa daga Latin suka gaji sunan da suke kiran guringuntsi da shi ta hannun Faransanci, Larabawa kuma suna cewa guduruf.

Abin da ya kamata ka sani game da yaron shi ne, guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, shi ya sa warkewarsa take da nawa fiye da ta ƙashi, kuma likitoci sukan fi dogara da hutu da motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya. Idan wani mai kemis ya tallata maka wani magani mai suna kondiroyitin, wanda daga guringuntsin dabbobi ake samo shi, ka fara tuntuɓar likitan kafin ka saya.