Garkuwar sojan Rum: daɗewarta da sauya ta

Malam, ka yi tambaya ko garkuwar sojan Rum takan kai shi ƙarshen shekara 25 na aikin soja, kuma wa ke biya idan ta lalace. Na daɗe ina aikin katako da fata, har na taɓa ƙera irin wannan garkuwa, kuma a ganina wadda ta shiga yaƙi sosai ba za ta kai ba.

Dalili yana cikin ƙirarta. Ba ƙarfe ba ce, siraran katakai ne da ake mannewa hawa biyu ko uku, kowane hawa yana gicciye na ƙasansa, sannan a lulluɓe da zane mai kauri da fatar maraƙi, a sa ƙarfe a baki da wani kwanon ƙarfe a tsakiya mai kare hannu. Kusan haka Polybius, wani Bagirke marubucin tarihi na zamanin da, ya siffanta ta, kuma wadda aka tono a Fayum ta Masar, mai tsawon santimita 128, hawa uku gare ta. Irin wannan haɗi yana shanye sara da suka ƙwarai, amma danshi ne ajalinsa. Tawa, da ta ga damina a rumfa, gam ɗin ya saki daga gefe, fatar ta kumbura, katakon ya fara buɗewa. Shi ya sa sojojin suke sa mata rigar fata a kan tafiya, an ma samu ragowar irin rigunan a Vindonissa, wani tsohon barikin sojan Rum a Suwizalan. A yaƙin dajin Teutoburg na Jamus kuwa, a shekara ta 9 miladiyya, marubucin tarihin Rum Cassius Dio ya ce ruwan sama ya jiƙa garkuwoyin sojojin Rum har suka kasa amfani da su.

Yaƙi kuma yana iya cinye ta a wuni ɗaya: Yuliyas Kaisar, jagoran sojan Rum, ya rubuta cewa a yaƙin Dyrrhachium an ƙirga huji 120 a garkuwar wani hafsansa mai suna Scaeva.

Game da sauyi, barikokinsu suna da wuraren aiki na maƙera da kafintoci da dukawa, kuma na fi zaton gyara ya fi sabuntawa yawa, domin kwanon ƙarfen yana ciruwa a mayar da shi kan sabon katako. Kuɗin kuwa daga albashin soja ake yankewa, abin da yana cikin koken sojojin da suka yi bore a shekara ta 14 miladiyya.