Tambaya da Amsa: Insha'in ɗalibaina duk kamar mutum ɗaya ne ya rubuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a Gusau, ina ɗaukar aji huɗu da aji biyar. Damuwata insha'i. In na ba da jigo na karɓi littattafai saba'in, sai in ga kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su duka: farawa ɗaya, karin magana ɗaya, rufewa ɗaya. Abin mamaki, yaran nan in suna hira a bakin aji kowace da irin bakinta, wata ma sai ta sa ka dariya har da hawaye. Yaya zan yi kowace ta riƙa rubutu da muryarta, ba tare da na jawo masu faɗuwa a WAEC ko NECO ba?
Daga wata malama a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ƙara haƙurin zama da yara.

Ai kin kamo bakin zaren da kika ce a bakin aji kowace da irin bakinta. Ke nan ba wani sabon abu za ki dasa masu ba. Abin yana nan, da zarar sun ɗauki biro ne yake guduwa. Sai mu duba me yake korarsa.

Babban mai laifi shi ne jigon da muke ba su. Ki ce wa yarinya 'yar shekara 15 ta yi rubutu a kan "Muhimmancin Ilimi" ko "Illolin Shaye-shaye", me take da shi nata na kanta da za ta faɗa? Babu. Dole ta kwaso abin da ta ji a taron safe da rediyo da bakin manya, ta jera. Ita da sauran 69 duk wuri ɗaya suka ɗebo, don haka kike ganin "ilimi gishirin zaman duniya" sau saba'in. Ba rashin basira ba ne, tambayar ce mai amsa ɗaya.

Ki gwada sauya tambayar zuwa wadda ba mai iya amsa ta sai wadda ta gani da idonta. Maimakon "Kasuwar Garinmu", ki ce: "Mutum ɗaya da kike sayayya a wurinsa." Jigo na farko abin da zai haifar kin san shi: "Kasuwa wuri ne da ake saye da sayarwa. Kasuwa tana da matuƙar muhimmanci ga rayuwar al'umma." Na biyun kuwa zai iya fito miki da irin wannan: "Baba mai manja ba ta ƙirga canji a gaban mutum. Sai ta juya maka baya, ta kwance bakin zanenta, ta daɗe tana motsa leɓe, sannan ta miƙo maka kamar kai ne ka ci bashinta." Babu kalma ɗaya mai wuya a ciki, babu karin magana, amma kin ga matar, kin kuma ji yarinyar da ta tsaya tana kallonta. Wata za ta je wurin wannan mai manjar ta lura da ƙudan da ke bin kwalba, wata ta lura da yadda take kiran kowa "ɗiyata". Abin da ido ya zaɓa ya gani shi ne farkon salo.

Don haka ni in ina duba rubutun ɗalibi, tambaya nake rubutawa a gefen shafi fiye da gyara. Ta ce "mun ci abinci mai daɗi", sai in rubuta: wane abinci, wa ya dafa? Ta ce "mahaifiyata ta yi fushi ƙwarai", sai in ce: me ta ce, me ta yi da hannunta? Amsar da za ta kawo ba za ta taɓa zama irin ta maƙwabciyarta ba.

Mai laifi na biyu jan biro ne. Yarinyar da ta san duk jimlar da ta rubuta za a bi ta da ja, za ta koma ga jimlolin da ta tabbata ba su da kuskure, wato waɗanda ta haddace. Ba na ce a bar gyara ba. Wadda ba ta bambanta "a kan" da "akan", ko take raba "yana" gida biyu, ko take barin ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, wajibi ne a gyara mata. Amma a raba ranakun. Ranar zubo magana daban, ranar gyaran ƙa'idojin rubutu daban. Ki sa kowace ta ware ƙaramin littafi da jan biro ba ya shiga. Minti goma a farkon darasi, sau ɗaya ko biyu a mako, su yi ta rubutu ba ɗaga hannu, ba gogewa. Ba sai kin duba duka ba, da yara saba'in ba zai yiwu ba ma. Ki ɗauki goma kowane mako, ki ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya tak da ta fi rai, ki rubuta "wannan taki ce". Da wannan layin yarinya take gane inda ƙarfinta yake.

Tun da bakinsu ya riga hannunsu ƙwarewa, ki bar bakin ya ja gaba. Su zauna bibbiyu, ɗaya ta ba 'yar'uwarta labarin cikin minti uku, sannan ta rubuta shi yadda ta faɗa. In ta gama, mai sauraron ta karanta ta ce mata, "Ɗazu ba haka kika ce ba, cewa kika yi kaza." Galibi abin da ta faɗa da baki ya fi wanda ta rubuta armashi, don a takarda ta sa masa babbar riga.

Akwai kuma batun kwaikwayo, wanda malamai da yawa suke tsoro. Na san a ajinki ba za a rasa masu karanta littattafan soyayya a waya ba, kuma za ki gane su: duk yarinyar da suka siffanta fara ce sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya. Kada ki hana su karatu, ki faɗaɗa masu shi. Almajirai goma suna kwafar aya ɗaya daga hannun malami ɗaya, amma alaramma yana ɗaga allo ya san na wane ne. Matsalar ba kwaikwayo ba ce, kwaikwayon mutum ɗaya ne kullum.

Tarihin rubutunmu ma ya nuna haka. A gasar ƙagaggun labarai da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya daga Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun shiga. Dukansu samari ne da ba su daɗe da haura shekara 20 ba, dukansu Kwalejin Katsina suka yi, edita ɗaya ya duba aikinsu. Amma ki ɗauko shafi ɗaya na Ruwan Bagaja na Imam da shafi ɗaya na Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ki karanta wa ajinki ba tare da kin faɗi suna ba. Na farko raha da wayo da saurin baki, na biyu natsuwa da nauyi irin na dattijon malami yana ba almajiransa labari. Ki tambaye su ta ina suka gane bambancin: tsawon jimla ne, ko irin kalmomin, ko abin da mai labarin ya ga ya dace a yi wa dariya? Wannan darasi ɗaya ya fi ki rubuta ma'anar salo a allo su kwafa. Shi Imam ɗin ma, da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da Turawa ya ɗebo su, amma ya sake zuba su da bakinsa har mai karatu ba ya jin baƙuntarsu.

Daga nan sai ki ba su abu ɗaya su rubuta sau uku. Misali, awaki sun shiga gonar makaranta sun cinye shuka. Su ba kaka labarin, su rubuta wa shugabar makaranta rahoto, su aika wa ƙawa saƙo. Za su ga harshe yana sauyawa gwargwadon wanda ake yi wa magana, amma akwai abin da ba ya sauyawa a duka ukun: mai barkwanci tana nan da barkwancinta ko a rahoton, mai tausayi kuma mai gadin da za a yi wa faɗa take tunani.

Karin magana kuwa, ni dokata guda ce: ɗaya a insha'i ɗaya, kuma ban da jimlar farko. In za ta kawo wanda ta ji a bakin kakarta, wanda ba ya cikin littafin aji, na fi so.

Tun da a Gusau kike, akwai karin harshe. Yaranki da yawa "mi kaka so?" suke cewa a gida, "wanga" da "wagga" ne a bakinsu, jarrabawa kuma daidaitacciyar Hausa take nema. Kada ki nuna masu cewa Hausar gidansu kuskure ce, don ranar da yarinya ta fara jin kunyar maganar uwarta ta daina rubutu da bakinta ke nan. Ki koya masu iyaka: bayanin marubuciya a daidaitacciyar Hausa, maganar mutanen cikin labari kuwa yadda suka faɗe ta, a cikin alamar zance. Wannan a rubutun aji. A ɗakin jarrabawa su taƙaita shi.

Wani abin da yake aiki sosai: ki zaɓi sakin layi uku ko huɗu ki karanta a aji ba suna, su canki mai shi. Ranar da aji ya ɗauka baki ɗaya "wance ce!", wancen ta san tana da abin da ake gane ta da shi, sauran kuma za su so a gane su. Sai dai ki nemi izini tukuna. Rubutu da murya ba tonon asirin gida ba ne, kuma a yankinku akwai yaran da suka baro ƙauyukansu saboda rashin tsaro, suka ga abin da babba ma ba ya son tunawa. Wadda ta rubuta irin wannan don kanta, ki karanta ke kaɗai, ki yi mata magana a keɓe. Wadda ba ta so, kada a matsa mata, ta rubuta a kan mai manja.

Game da tsoron jarrabawa, ki kwantar da hankalinki. Mai duba takarda yana neman a amsa abin da aka tambaya, a tsara shi, a yi Hausa mai kyau, a kiyaye ƙa'idojin rubutu. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya ce sai an fara da "Hausawa sun ce". Mutumin da ya wuni yana karanta farawa iri ɗaya, in ya ci karo da takardar da ta nuna masa abu, ba zai rage mata maki don haka ba. Inda ake faɗuwa shi ne a saki jigo a kama wani, ko a yi wa wasiƙar neman aiki salon hira da ƙawa. Saboda haka siffar wasiƙa da tsarin muhawara da yawan kalmomin da aka ƙayyade, ki koyar da su yadda suke, ba sassauci. Ko a jigon da ya zama dole irin "Muhimmancin Ilimi", ki saba masu da kawo misali ɗaya daga unguwarsu: matar da take kai wa maƙwabta takardar asibiti a karanta mata, ko yayan da ya koyi gyaran waya yake biya wa ƙannensa kuɗin makaranta.

Aikin gida kuma, yanzu da waya take iya rubuta wa yaro insha'i cikin daƙiƙa kaɗan, ki rage dogaro da shi. Zubin farko a yi shi a aji a gabanki, gyara da sake kwafa ne za a kai gida. In kika yi shakkar wani rubutu, ba sai kin tuhume ta ba, ki ce ta rufe littafin ta ba ki labarin da baki.