Kafin Ka Sayi Injin Haɗa Faiba

Ka tambaye ni jiya bayan mun tashi daga aiki, ka ce ka ɗan tara kuɗi kana so ka fara kama ƙananan ayyukan faiba na kanka, wato haɗa wayar gilashin nan da ke ɗaukar intanet ta hanyar haske, amma abin da ke hannunka ba zai kai ka ga irin injin kamfanin Fujikura ɗin da muke aiki da shi ba. Ka ce, "Oga, wane inji zan saya?" Na ce ka bari in nutsu, don maganar ba ta bakin hanya ba ce.

Yarona, ka fara ɗauke idonka daga kan injin, ka mayar da shi kan kiliba, abin yankan nan. Ka tuna girman abin da kake haɗawa. Gilashin faiba kaurinsa maikron 125 ne, kusan silin gashi, jijiyar tsakiya da haske ke bi kuwa wajen maikron 9 ce kacal. Aikin inji shi ne ya jera bakuna biyu ya narka su da tartsatsin wuta su zama ɗaya. Idan yankan ya karkace fiye da digiri 1, ko gefensa ya ɗan ɓantare, to ko injin miliyan nawa ne sai dai ya ƙi karɓa, ko kuma ya haɗa maka da lahani a ciki. Shekarun baya na sayi wata kiliba mai araha a hannun wani ɗan kasuwa, an manna mata sunan babban kamfani, ashe jabu ce. Muna tsugune bakin ramin waya da rana tsaka, zare 24 ke jiranmu, kowanne sai na yanka sau uku ko huɗu kafin allon ya yarda. Rarar wayar da aka bar mana ta riƙa gajarta a hannuna har gabana ya fara faɗuwa. Tun ranar nake cewa a fara ware kuɗin kiliba ta asali, irin FC-6S ta Sumitomo ko CT50 ta Fujikura, daga dilan da zai ba ka rasit. Ka tabbata kuma wuƙarta mai zagaye ana juya ta zuwa sabon baki idan wancan ya dakushe.

Sai injin. Iri biyu za ka tarar. Akwai wanda ke kwantar da zaren a cikin kwarmi ya daidaita bayan gilashin kawai, yana fatan jijiyoyin sun haɗu. Akwai kuma mai kyamara da motoci, galibi shida, wanda ke leƙa jijiyar kanta ya gyara zamanta kafin ya sakar mata wuta. Na farkon asarar haskensa takan kai wajen 0.05 dB (ma'aunin asarar haske ke nan) a haɗi ɗaya, na biyun wajen 0.02. In aikinka jan waya ne daga fol zuwa gida, sabuwa da sabuwa, na farkon zai rufa maka asiri. Amma ranar da aka kira ka gyaran babban layin da masu aikin titi suka datse, tsohuwar waya da sabuwa, ko zare iri biyu daban kamar G.652 da G.657, mai leƙa jijiyar kake bukata, kuma manyan 'yan kwangila shi suke tambaya. Da ni ne kai, sabon ɗan China mai motoci shida zan ɗauka, irin Signal Fire, ko INNO na Koriya in kuɗi sun ɗan miƙe.

Na san ranka na kan tsohon ɗan Japan na hannu. Ba na hana ka, injina ne masu ƙarko. Amma kar ka biya sai ka shiga cikinsa ka duba adadin wutar da ya taɓa bugawa, ka haɗa zare goma da hannunka a gaban mai shi, ka ga batirin zai riƙe ba tare da caja ba. Sannan ka tambayi abin da ya fi komai: in ya lalace wa zai gyara, kuma ana samun alluransa? Allurai biyun nan masu ba da wuta cinyewa suke yi bayan haɗi dubu kaɗan, dole a canza. Injin da sai an jira wata biyu kayansa su zo daga waje, ya tsayar maka da sana'a.

Kar kuɗin su ƙare a nan. Lambar asarar da allon inji ke nuna maka ƙiyasi ce daga hoto, ba awo ba. Saboda haka ka sayi mitar haske mai karanta zangon haske na nanomita 1310, 1490 da 1550, da jar fitilar nan ta gano inda waya ta karye ko ta lanƙwashe. Duka biyun ba su da tsada. OTDR kuwa, injin nan mai auna layi gaba ɗaya ya nuna inda asara take, ka bar shi tukuna, ka zo ka ari nawa ko ka yi haya duk ranar da aka nemi rahoto. Filayar fere zare mai rami uku, rigunan haɗi masu tsawon milimita 60, tishu marar burbushi, da sipirit na isopropyl kashi 99, ba na kemis mai ruwa a ciki ba. Kan nan na gaggawa na jona waya, wato konekta, da ake sa wa zare ba tare da inji ba, ka ajiye 'yan kaɗan a jaka don fita kunya, amma kar ka gina aikinka a kansu, asararsu ta fi yawa kuma sukan dawo da kai gidan kwastoma.

Hunturu na tafe. Ƙwayar ƙura ɗaya a cikin kwarmin ta isa ta ɗaga zare daga mazauninsa, don haka ka saba aiki cikin mota ko ƙarƙashin rumfa, murfin inji a rufe, kana share kwarmin da auduga mai tsinke kowace safiya, sannan ka gwada ƙarfin wutar kafin haɗin farko. Guntayen gilashin da ka yanke ka tara su a kwalba mai murfi, don in ɗaya ya shige fata ba ya ganuwa balle a cire cikin sauƙi. Kuma kar ka kuskura ka leƙa bakin zare da ido, hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana lalata ido.

Ranar Asabar ka zo shago da jerin farashin da aka ba ka da sunayen dilolin, mu duba tare kafin ka tura wa kowa ko sisi.