Amsa ga mai tambayar inda masu zanen Kaduna suka koyi aikinsu

Malam, ka tambaya ko masu zanen jiharmu a makaranta suka koya ko a wurin maigida. Duka biyun akwai, amma in ana maganar waɗanda sunansu ya fita, sai an bi ta Zariya.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Abin da suka tsaya a kai shi ne, a koyi dabarun Bature, amma a zana abin gida. Uche Okeke ɗan Ibo ne, sai dai a Kafanchan ya tashi, don haka ni ina ƙirga shi cikin namu. Daga baya Gani Odutokun ya koyar a sashen zane na jami'ar har hatsarin mota ya yi ajalinsa a 1995. Cikin ɗalibansa akwai Farfesa Jerry Buhari, ɗan ƙaramar hukumar Kachia, wanda ya yi suna da zane a kan gurɓacewar muhalli.

Kada kuma ka raina masu rubuta allon shago da masu zane a jikin babbar mota. Yaro kan fara da wanke buroshi da haɗa fenti, ya yi shekaru kafin maigida ya yaye shi. Yana damuna ƙwarai da ba a rubuta tarihinsu. In nazari kake yi, ka zauna da su a shagunansu, ka tambayi kowanne sunan wanda ya koya masa.