Fayilolin risalata sun ɓace daga filash, sai na sayi manhajar kariya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a nan Madina, ina rubuta risalar majistir, wato kundin digiri na biyu. Na sayi laftof ta hannu wajen wani ɗan'uwa da ya kammala zai koma gida, Windows 10 ce a kanta. Wani abokina ya ɗora mini Office irin wadda ba a biya, ya ce sai an kashe kariyar Windows kafin ta hau. Makon jiya na kai filash shagon ɗab'i a buga mini babi na biyu. Da na dawo na saka a laftof sai na ga foldodina sun koma wasu iri, kowacce da 'yar kibiya a jikinta. Na danna guda biyu, babu abin da ya buɗe, kuma tun daga nan na'urar take nauyi. Abokai sun ce in sayi manhajar kariya mai tsada. Wacce ta fi? Aikina ya tafi ke nan? Sannan saƙo ya shigo wayata cewa za a rufe asusuna na banki idan ban sabunta bayanan iƙama, wato katin izinin zama, ba. Ko yana da alaƙa da wannan?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa karatu albarka. Ka kwantar da hankalinka, bisa abin da ka siffanta aikinka yana nan cikin filash ɗin. Abu ɗaya kawai nake roƙonka: kada ka bari kowa ya wanke filash ɗin, wato goge duk abin da ke ciki, da sunan gyara, domin a nan ne ake yin asarar gaske.

Wannan ƙwayar cutar tsohuwa ce, kuma shagunan ɗab'i su ne matattararta, tunda kwamfuta ɗaya ce take karɓar filash ɗin duk wanda ya shigo daga safe har dare. Yadda take aiki shi ne ta ɓoye foldodinka na asali, sannan ta ƙirƙiro na bogi masu suna iri ɗaya, su ne masu 'yar kibiyar nan. Ka duba girmansu, za ka ga kowanne bai wuce kilobait 1 ko 2 ba, alhali filash ɗin yana nuna a cike yake kamar da. Wannan cikar ita ce shaidar cewa babin naka na ciki. Inda matsalar take, dannawar da ka yi ita ce ta tayar da ƙwayar ta shige laftof ɗinka, yanzu duk filash ɗin da ka saka zai kamu. Shi ya sa mutum yake wanke filash yau, gobe abin ya dawo, ya yi ta zargin shagon alhali cutar ta riga ta tare a ɗakinsa.

Don haka da laftof za ka fara. Buɗe Windows Security, ka tabbata kariyar tana kunne, ka bar ta ta sabunta kanta. Sannan ka leƙa wurin da aka rubuta Exclusions, wato jerin wuraren da aka ce mata kada ta bincika. Masu ɗora manhajar sata sukan bar folda a nan, duk abin da ka tarar ka cire shi. Daga nan ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Na'urar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike kamar na kwata ɗin awa kafin Windows ta gama farkawa, lokacin da ƙwayar ba ta da halin ɓuya. Bayan haka ka saka filash, kada ka danna komai a ciki, ka sa a bincike shi. Sai ka buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta wannan, kana musanya E da harafin da kwamfutarka ta ba filash ɗin:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldodinka za su fito. Wani lokaci a cikin wata folda marar suna ake samun su. Ka kwashe su zuwa wuri mai aminci, ka goge masu kibiya, yanzu ne wanke filash ya halatta.

To amma gaskiya, ɗan'uwa, abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne Office ɗin nan da aka ce sai an kashe kariya kafin ta hau. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, a nan kuwa da hannu aka tsaga shi. Abokinka alheri ya nufa, na sani, kuma na san halin da ɗalibi yake ciki da mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, da da ƙyar take kai ƙarshen wata. Sai dai wanda ya zauna ya fasa manhaja ya watsa ta kyauta a intanet, sau da yawa yana da inda yake fanshewa. Abin da aka fi cusawa cikin irin waɗannan yanzu shi ne ɓarawon bayanai. Ba ya ɓata komai, ba ya nuna kansa. Cikin ɗan lokaci kaɗan zai kwashe duk kalmomin sirrin da burauza ta adana maka, na imel, na Facebook, na shafin jami'a, har da 'yan alamomin da suke sa shafi ya gane ka ba tare da ya sake tambayarka kalmar sirri ba, ya tura wa ubangidansa. Mai na'ura ba ya sanin komai sai ranar da 'yan gida suka kira suna tambayar wane asibiti aka kwantar da shi, domin an yi ta neman kuɗi da sunansa.

Na biyunsu shi ne mai garkuwa da fayil. Akwai wani dangi da ake kira STOP ko Djvu wanda ta manhajar sata ya fi yaɗuwa. Yana kulle takardu da hotuna, ya liƙa wa kowanne wani baƙon suna a ƙarshe, ya bar wasiƙa a folda. Kuɗin fansar da ya yi shekaru yana nema a baya dala 980 ne, ko 490 ga wanda ya tuntuɓe su cikin sa'o'i 72. Wanda hakan ta same shi ya gwada shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, ana samun mabuɗin wasu nau'o'in kyauta a can. Wasu nau'o'in kuwa ba su da mabuɗi ko kaɗan. Ka ƙaddara saura wata guda munaƙasha, wato kare risala a gaban malamai, aikin shekara biyu yana kulle.

Saboda haka shawarata, wadda na san ba ta da daɗi: ka kwashe takardunka da hotunanka kawai, ban da manhajoji, a goge laftof ɗin gaba ɗaya a ɗora sabuwar Windows da aka sauko da ita daga shafin Microsoft. Na'urar hannu ce, ba ka san abin da ya hau kanta kafin ta zo maka ba, ga manhajar sata, ga ƙwayar filash. Bincike yana kama da yawa, amma ba zan iya ce maka ya kama duka ba. Kafin nan, yau ɗin nan, ka ɗauki wayarka ka canza kalmar sirrin imel ɗinka, domin duk sauran asusunka a jikinsa suke rataye. Da waya na ce, kada ka yi a laftof ɗin. Ka zaɓi fita daga dukkan na'urori, ka kunna tabbatarwa mai hawa biyu, sannan ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tasa kalmar. WhatsApp ma ka sa masa lambar sirri mai lamba shida.

Batun Office kuma, ka fara tambaya a sashen kwamfuta na jami'arku, jami'o'i da yawa suna ba ɗalibai ta imel ɗin makaranta. Akwai Word na kan intanet kyauta, akwai LibreOffice. Sai dai risalar Larabci mai hashiya, wato bayanan ƙasan shafi, da yawa takan ɗan goce idan ana kai ta tsakanin LibreOffice da Word, ka gwada da babi ɗaya tukuna kafin ka kai wa mushrif, wato malamin da ke duba aikinka. Maktaba Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, ita ma kyauta ce, ka sauke ta daga shafinta, ka rabu da wadda ake yawo da ita a filash daga ɗaki zuwa ɗaki.

Wacce manhajar kariya ta fi? A halin da kake ciki, kada ka sayi ko ɗaya. Defender da take zuwa da Windows ta ishi mai aiki irin naka matuƙar an bar ta a kunne tana sabuntawa, kuma mai tsadar ma da an kashe ta ranar da aka ɗora Office ɗin nan. Riyalan da ka ware ka sayi faifan ajiya na waje da su. A ranar 15 ga Agusta 2012, a goman ƙarshe na Ramadan, ƙwayar Shamoon ta goge abin da ke cikin kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin Aramco a ƙasar nan. Idan ta kai ga gogewa, abin da ke ceton mutum ko kamfani shi ne kwafin da aka ajiye a wani wuri dabam. Risalarka ta zauna a wuri uku: a laftof, a faifan waje da kake cirewa da zarar ka gama kwafa, sai a intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, ya fi ƙarfin risala nesa ba kusa ba. Duk daren Alhamis ka adana sabon kwafi da kwanan wata a jikin sunansa, ka bar tsofaffin a inda suke. Idan za ka shagon ɗab'i ka mayar da babin PDF ka tura musu ta WhatsApp ko imel, kuma kada ka taɓa buɗe imel ɗinka ko Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, a kwamfutarsu.

Sabuntawa ma kada ka riƙa ɗage ta. Ƙwayar WannaCry da ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017 ta bi ne ta ƙofar da Microsoft ta fitar da maganinta tun Maris, mutane ne ba su ɗora ba. Windows 10 kuwa an daina ba ta sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Idan laftof ɗinka za ta ɗauki Windows 11, ita za a ɗora maka. In ba za ta ɗauka ba, ka duba shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci da ake kira ESU, kana tanadin wata laftof a hankali.

Saura saƙon banki. Mafi rinjaye ba shi da alaƙa da filash ɗin, irin wanda ake watsa wa dubban lambobi ne a jira wanda tsoro zai kama. Mu baƙi mun fi saurin faɗawa, domin da an ambaci iƙama gabanmu yake faɗuwa. Kada ka latsa adireshin da ke ciki, kada ka kira lambar. Bayan saƙon sau da yawa kira yake biyowa, mutum mai ladabi da Larabci tsaf, ya san sunanka, wataƙila har lambar iƙamarka, ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu, ko ka buɗe Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, ka amince da buƙatar da ta bayyana. Wannan amincewar sa hannunka ce. Da ita ake shiga hidimomi da sunanka, kai ne kuma za ka amsa tambaya daga baya. Duk buƙatar Nafath da ba kai ka fara ta da hannunka a wannan minti ba, ka ƙi ta, ko da mai kiran ya rantse daga hukuma yake. Banki ba ya neman lambar sirrin katin mada, wato katin cire kuɗi, ko lambar tabbatarwa ta waya. Idan kana shakka ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka ko ka taka zuwa reshe da iƙamarka a hannu. Saƙon kuma ka tura shi zuwa 330330, lambar da aka ware don kai rahoton saƙonnin damfara. In har ka riga ka latsa ka cika wani abu, ka kira bankinka yanzu a dakatar da katin, sannan ka shigar da ƙorafi ta Kollona Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro, tare da hoton saƙon da lokacin da ya shigo.